Neman shawara: wane irin yaro ya dace da aikin ƙasa wajen saran bishiya, kuma nawa ne haƙƙinsa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ina da injin yankan itace guda biyu, ina karɓar kwangilar rage rassa da sare bishiya a gidaje da makarantu a cikin Kano, galibi darbejiya da mangwaro da turare. Mahayi, wato mai hawa bishiya ya yi yanka, ɗaya gare ni, kuma ya iya aikinsa. Matsalar yaran ƙasa ce, wato masu taimaka masa daga gindin bishiya, ba sa zama. Ina biyan su kuɗin yini daidai da na leburan gini, in ƙara musu da kirare. Yanzu mahayin ya ce ba zai ƙara hawa ba sai an samo masa mai riƙe igiyar sauke itace na dindindin. Me zan duba wajen ɗaukar yaro, kuma yaya ake biyansa ba tare da an zalunce shi ko na faɗi ba?

Tsohon mahayi:
Wa alaikumus salam. Malam, mahayinka yana da gaskiya. Ka haɗa aiki biyu wuri ɗaya ka sa musu farashi ɗaya. Mai jan rassa yana loda baro daban, mai riƙe igiya daban. Na farko lebura ne, ko yau ka ɗauke shi zai yi. Na biyu ran mahayi da kwanon gidan mutane suna hannunsa.

Ga lissafin. Guntun ɗanyen itace mai faɗin santimita 30 da tsawon mita ɗaya yana kai kilo 60 zuwa 70. Idan ya faɗo kamar mita guda kafin igiya ta cafke shi, nauyin da zai fizgi igiyar ya ninka nasa sau da yawa. Shi ya sa ba a riƙe igiya da ƙarfin damtse. Ana naɗa ta a gindin bishiya, gogar da take yi da ɓawon ita ke rage gudu. A nan gwanintar take: in naɗin ya yi kaɗan, igiya ta zuƙe, ta ƙona masa tafin hannu, gungume ya sauka kan katanga. In naɗin ya yi yawa, gungumen ya tsaya cak, bishiyar ta girgiza, mahayi ya bugu da ita alhali inji na hannunsa a kunne. Wanda ya iya yakan bar igiya ta ɗan yi gudu har gungumen ya wuce ƙafar mahayi, sannan ya rage mata sannu a hankali. Kafin a yanka shi zai kalli reshen ya ce naɗi ɗaya ne ko biyu.

Ka gwada yaro kafin ka ɗauke shi. Ba shi igiya ka ga inda zai sa ta. In ya naɗe ta a hannu ko a ƙugu, bai isa ba tukuna. Ka duba ko yana tattara jelar igiyar wuri ɗaya ba tare da ta harɗe ba, ko yana tsayawa gefe ba ƙarƙashin reshe ba, ko idonsa na sama. Mai duba waya ana cikin yanka, sallame shi da alheri tun ranar farko.

Mai gyaran inji:
Ƙari kan abin da Baba ya faɗa. Yaron ƙasa nagari shi ke kula da inji, domin mahayi ba zai riƙa saukowa ba. Ya san haɗin fetur da mai: ga injin Stihl da man da aka yi don irin wannan inji, kashi 50 ne da 1, wato mililita 100 na mai a lita 5 na fetur. Da ma'auni ake yi, ba da ido ba. In ya rage mai, fistin ya ƙone. In ya cika, filogi ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe mahayi. Duk lokacin da ya zuba fetur ya cika tankin man sarƙa, kuma kada ya zuba baƙin man da aka juye daga mota, yana toshe famfo yana cinye sarƙa.

Ya iya wasa sarƙa da magagari daidai girmanta. Alamar sarƙa mai kaifi ita ce ta fitar da ɓarɓashi manya. In ta koma fitar da gari kamar dusa, ta dushe, kuma mahayi zai fara danna inji da ƙarfi, daga nan hatsari ke farawa. Ƙasa da yashi ke kashe kaifi nan take, don haka ba a yanka gungume yana kwance a ƙasa sai an tokare shi. A darbejiyar cikin gari ya riƙa duba ƙusa da waya da mutane suka buga a jiki shekaru da suka wuce. Kafin ya aika inji sama ya tayar da shi a ƙasa ya ɗan yi zafi, ya kashe, sannan ya ɗaura a igiya. Yaron da ya iya wannan yana tsirar maka da kuɗin gyara da ya fi bambancin ladan da kake jin nauyin ƙara masa.

Ɗan kwangila:
Alhaji, kan maganar kuɗi. Kirare ba lada ba ne, ihsani ne. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. Raba shi kwana 26, yini ya kama kusan 2,700. Wannan ƙasan ƙasa ne, kuma lissafin wanda ke da aiki kullum ne. Naka yaran suna samun aiki sosai ne gab da damina, lokacin da kowa ke tsoron iska ta kayar masa da reshe, da kuma bayan an yi guguwa. Sauran watanni kwana biyu ko uku a mako. Dole kuɗin yininsu ya ɗauki wannan giɓin, in ba haka ba ginin da ke ba su aiki kullum zai janye su. Abin da ke faruwa da kai ke nan.

Shawarata: mai jan rassa ka ba shi abin da leburan gini ke karɓa a unguwarku, ka ɗan ɗora, da abinci da ruwa. Mai igiya ya samu ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na wannan. In ka fi son rabo, ga misali. Aikin 100,000, a cire fetur da mai da hayar a-kori-kura da abinci, a ce 25,000. Saura 75,000: kai da injinka kashi 30 cikin 100, wato 22,500, mahayi 22,500, mai igiya 15,000, yara biyu masu ja 7,500 kowanne. Kuɗin itacen da aka sayar wa masu faskare ko gidan burodi a faɗa a fili tun farko ko yana cikin rabo ko ba ya ciki. Yawancin rigimar da ke raba tawaga daga nan take tasowa.

Tsohon mahayi:
Ban yarda da rabo zalla ba, ɗan uwa. Aikin jinga yana sa gaggawa. Yaro ya san in an gama da wuri za a kama wani aikin, sai ya riƙa cewa a yanko babba, ko ya shiga ƙarƙashi yana jan rassa ana kan yanka. A tsayar masa da kuɗin yini tabbatacce, sannan a ɗora kaso kaɗan in an gama lafiya ba ɓarna. Ranar da aka je wurin aiki iska ta hana hawa, a ba shi rabin yini. Kuma a biya shi ranar da ya yi aikin ko ƙarshen mako, ba sai mai gida ya biya ragowar kuɗi ba. Hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe bai ce sai kwangila ta fito ba.

Malamin gandun daji:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Yaron ƙasa shi ne mai gadin wurin. Idan za a kayar da bishiya gaba ɗaya, ba wanda zai tsaya kusa da ninki biyu na tsawonta sai mai yanka, kuma a share hanyar gudu ta baya a karkace, ba daidai bayan kututture ba. A unguwa kuwa yara za su taru kallo, almajirai za su zo tsintar kirare, ga masu babur. Kana buƙatar mai murya da zai iya tsayar da dattijo cikin ladabi. Ku yi amfani da usur, domin ƙarar inji tana danne kira: mahayi ba ya yanka sai na ƙasa ya amsa masa.

Shi ne kuma zai zagaya bishiya kafin a hau, ya duba amyar zuma, gidan rina, kogo, da inda wayar wuta ta ratsa. In reshe na kusa da babbar waya, ta 11kV ko 33kV, a je ofishin KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano, a nemi a kashe layin. Kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, tana iya dawowa ana tsakiyar aiki, kuma ɗanyen reshe da jiƙaƙƙiyar igiya suna ɗaukar ta. Kafin sare bishiya gaba ɗaya a nemi izini a ma'aikatar muhalli ko sashen gandun daji.

Hular kwano, safar hannu ta fata, takalmi mai ƙarfe a baki da abin toshe kunne, duk nauyinka ne, kada ka cire daga ladansa. Haka igiya. Wannan shuɗiyar ta roba da ake ɗaure kaya da ita tana narkewa in ta gogi ɓawo da nauyi, rana ma tana cinye ta. Igiyar sauke itace daban, wadda mahayi ya rataya ransa a kai daban, ba a musanya su.

Ɗan kwangila:
Na karɓi gyaran Baba. Abu ɗaya ya rage, Alhaji: ku yi magana kan rauni da ɓarna tun kafin su faru. In kwano ya fashe, asarar kwangila ce, ka ware kamar kashi 5 cikin 100 na kowane aiki don ita, kada ka zaftare ladan yaro sai in ganganci ya bayyana. In ya ji ciwo a bakin aiki, magani da kuɗin kwanakin jinya a kanka suke. Idan ka yi rajistar kamfani, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi ka riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da kake biya ga hukumar NSITF, ita ke biyan diyya in an samu rauni ko rasuwa. Sannan ka bar mahayinka ya zaɓi mai igiyar da kansa, ku gwada shi mako biyu a kan ƙananan rassa inda ba gini a ƙasa, kafin a kai shi kan turaren da ya leƙa rufin mutane.