Abin da muka tattauna kan man shafawa mai sitiroyid

Bayan sallar isha'i muka zauna da matan unguwarmu a Shara Mansur, nan Makka, hira ta gangaro kan mayukan hasken fata da ake sayarwa a ɓoye cikin 'yan kwalabe ba suna. Da yawansu akwai Dermovate ko Betnovate a ciki, magungunan sitiroyid masu kwantar da kumburin fata, waɗanda aka yi don kyasbi mai tsanani da borin fata, ba don haske ba.

Wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu ta ja kunne sosai. Yawan shafa su na sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsattsage cinya da hammata, ƙuraje su feso. Wata baiwar Allah ta janye mayafi ta nuna mana kumatunta, ja wur kamar an zuba ruwan zafi, wata shida tana shafawa. Wallahi sai da tausayi ya kama ni.

Kada a shafa a kan makero, ƙara bazuwa yake. A nisanta man daga ido, yana jawo hawan jinin ido da yana. Jariri kuwa, ƙunzugu na sa fatarsa ta zuƙe maganin da yawa. Mai ciwon sukari da mai shan ritonavir (maganin cutar ƙanjamau) ko itraconazole (maganin cututtuka irin su makero) su gaya wa likita tukuna.

Wadda ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya, fuskar za ta yi bore. Likitan fata ne zai rage mata a hankali.