Neman kalma: gwiwar da ake sa wa mutum ba tare da "siminti" ba

Mai fassara, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis da safe za a ɗauki shirinmu na lafiya a rediyo, kan yadda gwiwar roba marar siminti take kasancewa bayan shekara 10 ko fiye a jikin masu amosanin gaɓɓai irin na rumatoyid. Da na karanta wa mahaifiyata rubutun, sai ta ajiye carbinta ta tambaye ni ko da ma likitoci suna kwaɓa wa mutane siminti da yashi a ƙafa. Ina neman mafita.

Likitan ƙashi, Malali: Wa alaikumus salam. Abin da muke kira siminti wani kwaɓin roba ne da ke daskarewa cikin kamar minti 10, wanda likitan ƙashi John Charnley na Ingila ya yaɗa a aikin ƙugu wajen 1960, kuma aikinsa cike gurbi tsakanin ƙarfe da ƙashi. Ɗaya nau'in kuwa, marar siminti, fuskar ƙarfensa tana da ƙananan ƙofofi kamar soso, ƙashin mutum ne yake tsira ya shiga ciki ya riƙe. A cutar rumatoyid garkuwar jiki ce take afka wa gaɓɓai, kuma cutar da magunguna irin su firedinisolon suna raunana ƙashi, shi ya sa da yawa daga cikinmu suka fi natsuwa da siminti, ko da yake binciken da ya bi majinyata fiye da shekara 10 ya sami mafi yawan gwiwoyin marasa siminti suna nan daram. Shawarata ita ce "gwiwa mai kamun ƙashi".

Tsohon malamin Hausa, Kawo: Likita, da siminti da roba duk baƙi ne, alhali muna da namu. Manomi yana haɗa reshe da gindi su zama itace ɗaya, mu ce mangwaro mai aure. A ce "gwiwa mai aure", magana ta ƙare.

Ma'aikaciyar jinya, Unguwar Rimi: Baba, a gafarce ni, mafi yawan masu wannan cuta mata ne, kuma ban ga bakin da zan gaya wa dattijuwa mai takaba cewa za a sa mata gwiwa mai aure ba. Ban da haka reshe yana da rai, ƙarfe ba shi da shi. Ina kuma jan hankalin mai shirin da ya guji "ciwon sanyi", domin masu sauraro wata cuta dabam za su fahimta.

Tsohon malamin Hausa: 'Yata, shekara 30 na yi da alli a hannu. Wannan Hausar taku ta Kaduna, rabi Turanci, ita ce za ta kashe harshen.

Likita: Ranka ya daɗe, asibiti da likita da rediyo duk aro ne, kuma da su kake magana kullum. Ni damuwata kada majinyaci ya sa hannu a kan aikin da bai gane ba.

Tsohon malamin Hausa: Aron da ya kwana ya zama ɗan gida, amma ba a buɗe ƙofa ga kowa.

Mai fassara: Allah ya huci zuciyar Malam, lokaci ya ƙure mini. Zan ce "gwiwar ƙarfe mai kamun ƙashi", ɗayar kuma "mai simintin tiyata", in yi bayani sau ɗaya. Inda rubutun shirin ya yi maganar tsawon ran gwiwa zan ce "ƙarko", kada a ɗauka ran majinyaci ake nufi. Mangwaron Malam zai shigo a matsayin misali kawai. Rumatoyid kuwa har yanzu babu wanda ya kawo mini komai.

Tsohon malamin Hausa: "Ƙarko" ta yi. Sauran ban sa hannu ba, amma zan kunna rediyo in ji.