Mezzogiorno gari ne ko jiha ce a Italiya?

Abu Yusra:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina yawan cin karo da sunan Mezzogiorno a labaran Italiya, musamman in ana maganar rashin aikin yi ko ƙwallon Napoli. Na duba taswira ban gan shi ba. Wanda ya san ƙasar ya warware mana don Allah.

Malam Sani, daga Bari:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba za ka gan shi a taswira ba, laƙabin kudancin ƙasar ne baki ɗaya. Kalmar tsakar rana take nufi, domin a nan idan rana ta take, ta wajen kudu take tsayawa. A lissafin hukuma yankuna 8 ne: Abruzzo, Molise, Campania, Puglia, Basilicata, Calabria, da tsibiran Sicilia da Sardegna. Nan Bari har jarida muke da ita, La Gazzetta del Mezzogiorno.

Amma fa a bakin 'yan jarida da 'yan siyasa ya fi yawo. Abokan aikina ban taɓa jin ɗayansu ya kira kansa da shi ba. "Sud" suke cewa, wato kudu, ko mutum ya ambaci garinsu. Ka tare wani a titi ka ce masa "mezzogiorno", agogonsa zai duba, ya zaci ƙarfe 12 kake nufi.

Maman Hanifa:
Malam Sani ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ƙarin da zan yi, sunan yana tafe da tarihin talauci. Yawancin yankin yana ƙarƙashin sarautar da ke mulki daga Napoli kafin haɗewar Italiya a 1861. Arewa ta samu masana'antu, kudu ta zauna a noma, matasanta suka yi ta tafiya ci-rani Torino da Milano da Amurka. A 1950 gwamnati ta kafa asusun raya yankin, Cassa per il Mezzogiorno, aka rushe shi a 1984, giɓin kuma bai cike ba. Abin yana taɓa ni, yanki mai albarkar zaitun da alkama amma 'ya'yansa ba sa iya zama.

Ɗan Partenope:
Yaya Abu Yusra, ta ɓangaren ƙwallo akwai gardama. Wasu na cewa Napoli ta Maradona ce ta fara kai kofin Serie A kudu a 1987. Amma Cagliari ta Gigi Riva ta ɗauka tun 1970, kuma Cagliari a Sardegna take. In ka sa tsibirin a lissafi kamar yadda hukuma ke yi, su ne na farko.