Ƴan jarida mata da suka fito daga ƙungiyoyin sororiti a Amurka

Ummu_Hanan: Salam ƴan uwa, don Allah ƙungiyoyin nan na ɗalibai mata a jami'o'in Amurka da ake cewa sororiti, wai akwai manyan ƴan jarida a cikinsu? Ni fa na ɗauka fati kawai suke yi.

Babangida88: Kai hajiya, ai suna da yawa. Katie Couric ƴar ƙungiyar Delta Delta Delta ce tun tana Jami'ar Bajiniya, kuma a 2006 ita ce mace ta farko da ta riƙa gabatar da labaran yamma na gidan talabijin na CBS ita kaɗai.

Anti_Zee: Babangida ka manta na baƙar fata, ni su suka fi burge ni wallahi. Delta Sigma Theta an kafa ta a Jami'ar Howard a 1913, Charlayne Hunter-Gault tasu ce, matar da a 1961 tana cikin baƙaƙe biyu na farko da suka shiga Jami'ar Jojiya har aka yi tarzoma a kanta amma ta daure, daga baya ta yi aiki da gidajen talabijin na PBS da CNN.

Babangida88: Haka ne anti. Marigayiya Gwen Ifill, ƴar jaridar PBS, ma tasu ce, amma ita mambar girmamawa suka ba ta bayan ta yi suna.

Ummu_Hanan: Ikon Allah, ashe har da na girmamawa. To su me suke duba kafin su ba mutum?