Muhawara: Shin jam'iyyar Sinn Féin za ta kafa gwamnati a Dublin, babban birnin Ireland?

Ɗanjuma: Ku rubuta ku ajiye, zaɓe mai zuwa Mary Lou McDonald, shugabar Sinn Féin, ce firaministar Ireland. A Arewacin Ireland, yankin da ke ƙarƙashin Birtaniya, tuni suka gama, a 2022 suka zo na ɗaya da kujeru 27, 'yar jam'iyyarsu Michelle O'Neill ta hau shugabancin gwamnati a Fabrairun 2024. Kudu, wato Jamhuriyar Ireland, ce kawai ta rage.

Malam Sani: A hankali dai, Ɗanjuma. Ai haka aka ce a 2020. Sun fi kowa ƙuri'a, kashi 24.5, amma kujeru 37 suka samu, don 'yan takara 42 kacal suka tsayar, su kansu ba su zaci abin zai kai haka ba. Sai manyan jam'iyyu biyu, Fianna Fáil da Fine Gael, da suka kusa shekara ɗari ba sa ga maciji, suka haɗa kai suka bar su a waje.

Ɗanjuma: Malam, matsalar gidaje fa? Matashi yana aiki a Dublin, albashi na shigowa, amma yana kwana a ɗakinsa na yarinta a gidan iyaye saboda tsadar haya. Wa zai zaɓa?

Hajiya Bilki: Wannan matashin ai yana nan a Nuwamban 2024, kuma ƙuri'ar Sinn Féin ta sauko zuwa kashi 19. Kujeru 39, Fianna Fáil 48. Batun baƙin haure ne ya raba musu magoya baya: talakawan unguwanni na son a tsaurara, matasan birni na cewa a'a, jam'iyya ta rasa wa za ta faranta wa.

Malam Sani: Kin taɓo wajen, Hajiya. Kuma majalisar kujeru 174 ce, sai kana da 88. Ko sun zo na ɗaya, da wa za su haɗa? Manyan biyun nan har yanzu suna goranta musu alaƙar da suka yi da IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makamai a Arewacin Ireland, duk da an yi sulhu tun 1998.

Ɗanjuma: To Catherine Connolly fa? A 2025 jam'iyyun masu ra'ayin sauyi suka mara mata baya, har da Sinn Féin, ta lashe shugabancin ƙasa.

Hajiya Bilki: Ƙanena, wannan kujerar ta girmamawa ce, ba ta raba ma'aikatu. Ka bari a zo kan wa zai riƙe ma'aikatar kuɗi, a nan za ka ji kansu.

Ɗanjuma: Ni dai ban janye ba.