Waɗanda suka taɓa shirya buɗewar fim ɗin fargaba a makaranta, yaya kuka yi?

'Yar Sabil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ba mu aikin rukuni a nan Jidda, mu huɗu: mu shirya minti biyun farko na fim ɗin fargaba, da sunayen ma'aikata a ciki. Kyamara ta aro ce daga makaranta, kuɗi kuwa sai ɗan abin da muka harhaɗa. Labarin shi ne yarinya ta dawo gida, ta tarar da ƙofa a buɗe, shayi na tururi a falo, babu kowa. Gardama ta hana mu motsi. Ɗayarmu na so a nuno mutumin da ya shigo, da wuƙa a hannu, sauranmu muna ganin a ɓoye shi. Don Allah wanda ya taɓa yi a ƙasar nan ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Ɗan Karantina:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ku nuna shi. Mu ma mun sha wannan gardamar, malaminmu ya raba ta da cewa minti biyun farko tambaya ake dasawa, amsa tana can cikin fim ɗin da ba a ce ku yi ba. A gidan kakata muka ɗauka, hawa na uku, tsohon gini mai matsattsen bene. Labarin namu gida ne na mata zalla. Abin da muka yi kawai, muka ajiye takalmin namiji, babba, mai ƙura, a jere da silifas ɗin matan a bakin ƙofa. Jarumarmu ta zo ta cire nata, ta tsallake shi ba ta lura ba, kyamara ta tsaya a kan takalmin bayan ta shige. Ranar da aka haska a aji, wani Bayamane da ke gefena ya ce "ya sattar" da ƙarfi. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tuɓe takalmi a ƙofa ya gane an shiga gidan, ba sai an faɗa masa ba. Wuƙar kuma ku bar ta a kicin. Ko ta roba ce, fita da ita kan titi neman magana ne da askarawa.

Mai Sauti:
Ni a namu sauti aka damƙa mini, kuma a kansa zan tsaya, don shi ɗalibai ke rainawa alhali shi ke tsinka zuciyar mai kallo.

Babban abokin gabarku mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki. Kunne ya saba da shi har ba ya jinsa, makirfo kuwa ba ya yafewa. In kuka ɗauki wata fitowa yana aiki, wata kuma ya tsaya, ranar tacewa za ku ji gurnani na ɗaukewa yana dawowa a duk inda aka yanka. Mu kashe shi muke yi, da firiji, mu ɗauka, a kunna a sha iska, a sake kashewa. Jarumar ta yi sharkaf da gumi, sai ya zama gumin ya dace da tsoron da take nunawa. Kafin ku bar kowane ɗaki, kowa ya yi tsit, ku naɗi minti guda na shirun ɗakin. Kowane ɗaki da irin shirunsa, da shi ake cike giɓi.

Ƙarar ƙofa, takun ƙafa, cokali a kofi, duk daga baya na naɗe su, cikin dare, a cikin kabad ɗin kaya, tsakanin barguna da abayoyin ummata, don a nan murya ba ta amsa amo. Na samu ƙarar da ta fi komai ɗaga hankali daga injin tura ruwa zuwa tankin saman bene: yana ta ƙugi tun farkon fitowa, mai kallo ya manta da shi, sai ya ɗauke daidai lokacin da ta taɓa hannun ƙofa. Ba mu sa kiɗa a wurin ba ko kaɗan. Wata dabarar kuma, ku sako sautin fitowa ta gaba tun hoton bai canza ba, kunne ya riga ido shiga ɗakin.

Roƙo ɗaya: in an fara kiran salla ku dakata. Wani a rukuninmu ya so a yi amfani da shi daga nesa don ya ƙara kwarjini, muka ƙi. Ba kayan tsoratarwa ba ne.

Baban Yara:
Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Ni ba ɗalibi ba ne, ɗaukar biki nake yi tun zamanin kaset, amma na raka ɗan ƙanena da abokansa wajen irin wannan aiki. Hotonsu na cikin gida ya fito da wasu ratsi-ratsi suna hawa suna sauka, suka ɗauka kyamara ce ta lalace. Lafiyarta lau. Wutar Saudiyya tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Nijeriya da Sudan 50 ce. Yaron ya koyi saiti a wurin wani ɗan Kano, ya bar shata, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara, a kan 1/50, fitilun benen kuma dogayen farare ne masu ƙyafƙyaftawa. Muka mai da ita 1/60, ratsin ya ɓace. Ku gwada a wurin da za ku ɗauka, ƙarƙashin fitilar da za ku yi amfani da ita, kafin ranar aiki.

Kuma ku san kun taki sa'a. Mu a da finafinan Kano a kaset alhazai ke kawo mana, gidan sinima kuwa sai a Afrilun 2018 aka sake buɗewa a Riyad bayan shekara talatin da wani abu. Yau ga ku ana ba ku maki a kan fim. Ku riƙe shi da muhimmanci.

'Yar Jarwal:
Yaya Ɗan Karantina, ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba. Ɓoyewa na da kyau, amma na ga rukunin da suka ɓoye komai har muka gama kallo ba mu san tsoron me ake yi ba, yarinya na ta zagaya ɗakuna kawai. Dole a ba mai kallo abu guda da zai riƙe. Takalminka ai nunawa ce. Mu hannu muka nuna, hannu kaɗai, yana juya hoton iyali ya fuskanci bango.

Ku kula da rubutun sunaye, akwai maki a kansa. Salon harafin da muka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ, suka fito akwatuna, na Larabcin kuma haruffan suka rarrabu suka juya baya. Ku gwada sunayenku a manhajar tacewa tun yanzu. Mu DaVinci Resolve na kyauta muka yi amfani da shi.

Ɗan Bakin Teku:
Kowa in an ce fargaba a Jidda sai ya tuna Balad, tsohuwar unguwar Jidda, da lungunanta da tagogin katako na rawashin da gidajen dutsen murjani. Ta cancanta, amma ku sani wurin yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2014, a can aka yi bikin finafinai na Bahar Maliya na farko a Disambar 2021, ba inda za ka kafa ƙafar kyamara ba tasrihi, wato takardar izini, ba ne. Mu makaranta ta ba mu takarda muka nema da ita, kuma ya ɗauki lokaci, har muka fara da fitowar cikin gida kafin ya fito.

Muna so hasken nan mai shuɗi-shuɗi na bayan faɗuwar rana, sai ga shi ɗan taƙaitacce ne kuma daidai lokacin magariba yake. Muka koma safiyar Juma'a bayan asuba: haske iri ɗaya, lungu fayau, sai kyanwoyi. Ranar farko da muka fito da kyamara daga mota mai sanyi, gilashin ya yi hazo saboda danshin teku, muna tsaye muna kallon hasken yana tafiya. Ranar aiki ta gaba a but ɗin mota muka sa jakar, muka isa da wuri don ta saba da iskar waje. Fuskokin masu wucewa kuma ku kiyaye su. Dokar laifukan intanet ta ƙasar nan ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya. Mata musamman, ko daga nesa kada ku kuskura.

'Yar Sabil:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na duba tamu, a 1/50 take. Mun ajiye wuƙar, za mu bar kofi biyu a tire maimakon ɗaya, ɗayan an sha rabi. A gidan goggona za mu yi, ta yarda da sharaɗin kada a nuna ɗakin kwananta. Saura matsala guda: kowa a cikinmu darakta ce. Yaya kuka raba aiki?

Ɗan Karantina:
Kofi biyun ya yi, kuma Anti 'Yar Jarwal ta yi gaskiya. Batun rabon aiki, jirgi ɗaya ba ya tafiya da matuƙa huɗu. Mu mun yi duk gardamarmu a kan takarda: muka zana kowace fitowa a ɗan akwati, ko da zanen yara ne, kowa ya sa hannu. Ranar ɗauka mutum ɗaya ke cewa a fara, a tsaya. Ɗaya na kan kyamara, ɗaya sauti, ɗaya riƙe da takardar yana soke abin da aka gama, yana kuma lura ko mayafin jaruma a kafaɗar da yake ɗazu yake, ko shayin ya huce. Ku tanadi butar ruwan zafi a kusa, don tururin nan ba ya jimawa, kuma ba ya fitowa a hoto sai an hasko shi ta baya a kan bango mai duhu. Mai tacewa ta kwashe hotunan a wuri biyu a daren, kafin a mayar wa makaranta kyamara, saboda katin goge shi ake yi a ba rukuni na gaba.