Dan Allah a taimaka min da lissafin akwatuna biyu da aka tura a haɗe

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu fiziks ku agaza min, shirin JAMB nake yi kuma akwai wata tambaya da ta hana ni sakat tun shekaranjiya. Wai akwatuna biyu ne a kan ƙasa mai santsi, babu gogayya ko kaɗan, babban 6kg ƙaramin 4kg, suna manne da juna, sai aka tura babban da ƙarfin 50N (N wato newton, ma'aunin ƙarfi), ana so a faɗi ƙarfin da babban yake tura ƙaramin da shi. Ni dai 50N na rubuta tunda ai abin da ka tura shi zai wuce, amma amsar da ke bayan littafi 20N ce, to sauran 30 ɗin ina suka shige? Wani abin kuma, malamin lesin ɗinmu ya ce a dokar Newton ta uku duk wanda ka tura shi ma yana tura ka daidai wa daida, to idan haka ne ai sun kashe juna kenan, ya aka yi akwatunan suke tafiya?

Malamin Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ƙanina. Littafin bai yi kuskure ba. Kafin ka taɓa maganar tsakaninsu, ka fara ɗaukarsu kamar abu ɗaya ne mai 10kg tunda tare suke tafiya, babu mai wuce wani. F = ma, wato ƙarfi daidai yake da nauyin abu a kg sau ƙaruwar gudunsa, kenan 50 raba 10, gudunsu yana ƙaruwa da 5m/s². Yanzu ka manta da babban ka zana ƙaramin shi kaɗai a takarda, ka tambayi kanka wa ke taɓa shi ta gefe? Hannunka bai taɓa shi ba fa, babban akwatin ne kawai. To 4kg yana tafiya da 5m/s², 4 sau 5, 20N. Su kuma 30 ɗin da kake cigiya ba ɓata suka yi ba, su ne suka rage wa babban ya tafi da kansa, 6 sau 5 ai 30 ne. Ka haɗa 30 da 20 ga 50 ɗinka nan cif.

Direban Oshodi:
Ni karatuna a sakandare ya tsaya amma wannan kam kullum muna ganinsa a titi. Danfo ya mutu a tsakiyar goslo, wani ya zo ya sa masa bamba yana tura shi, to injin mai turawar ai motoci biyu yake ɗauka, tasa da ta wancan, ba duk ƙarfin ne ke bi ta bamba ba, iya abin da mataccen ke buƙata ne. Shi ya sa in Keke ka tura bamba ko gezau, amma ka gwada tura motar da aka shaƙe da buhunan albasa daga Mile 12 ka ga yadda gabanka zai lotsa, wallahi na taɓa yi sau ɗaya ban ƙara ba.

Malamin Idi-Araba:
Oga direba ka gama magana. Kuma ƙanina ka kula da wannan don masu saita tambaya suna son juya ta: in ta ɓangaren ƙaramin aka tura, ƙaruwar gudun tana nan 5 amma ƙarfin tsakaninsu ya koma 30N, saboda yanzu babban ne ake turawa ta jikin ƙaramin.

Anti Mai Fiziks:
Ba wanda ya amsa masa tambaya ta biyu, kuma ita ce ta fi kayar da yara. Ɗana, ƙarfi biyu ba sa kashe juna sai in a jikin abu ɗaya suke aiki. Nan kuwa 20N ɗaya a jikin ƙaramin take tana kai shi gaba, ɗayar 20N a jikin babban take tana danno shi baya, ba su taɓa haɗuwa a lissafi ɗaya ba. Duba babban, 50 gaba 20 baya, saura 30. Ƙaramin kuma 20 gaba, babu komai baya. Sai dai in ka ɗaure su a matsayin abu ɗaya, a nan ne suke share juna, shi ya sa Malam bai sa su a matakin farko ba. Kuma dan Allah ka dinga zana kowane akwati daban da kibiyoyinsa, ina ganin yara suna raina zanen nan wai ɓata lokaci ne, su ne kuma ke zaɓar 50.

Ɗan Agege:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada tambaya ta gaba mai gogayya, μ (ma'aunin gogayya tsakanin akwati da ƙasa) = 0.2 ga duka biyun, g (ƙaruwar gudu saboda jan ƙasa) = 10. Gogayya gaba ɗaya, μ sau 10kg sau g, 20N, saura 30, ƙaruwar gudu 3m/s², ƙaramin kuma 4 sau 3, 12 kenan, na ƙara gogayyarsa 8, sai na sake samun 20N ɗin dai. Anti anya ban yi shirme ba?

Anti Mai Fiziks:
Daidai ka yi. In μ ɗinsu ɗaya ne gogayyar tana rabuwa ne gwargwadon nauyin kowa, don haka kason ƙaramin bai canza ba, 4 cikin 10 na 50. Amma kar ka haddace wannan a matsayin doka, mayar da μ na ƙaramin 0.5 ka bar na babban a 0.2 ka sake yi, in ba ka samu 27.2N ba ka turo min hoton aikinka in ga inda ka kauce.